Gyare a Ramin Shuni

Litinin, da asuba

Farantin jiya ya dawo yadda na kai shi. Shinkafar ta sandare, cokalin ko motsa shi ba a yi ba. Na ɗauke shi daga bakin ƙofarta a hankali don kada ta ji.

Na haura shekara ashirin ina girki a kicin ɗin asibiti, aikin kuma ya koya mini karatun faranti. In ya dawo an cinye nama an bar shinkafa, mai shi ya kusa komawa gida. In an tsakuri gefe an rufe, da sauran jinya. In kuwa ya dawo cokali a bushe, sai ka je ka gaya wa nas. To ni yau wa zan gaya wa? Farantin 'yata ne, a cikin gidana.

Mamana ke nan. Sunan mahaifiyata ta ci, shi ya sa bakina bai taɓa iya kiran sunanta ba. Ranar da aka sallame ta daga asibiti ta ce wa mijinta a wuto da ita nan. Ta shige ɗakinta na 'yanmatanci ta turo ƙofa. Jakar nan mai kayan jariri da muka tafi asibiti da ita, haka muka dawo da ita, ko zuge ta ba a yi ba. Na ɗora ta a kan sif ɗin ɗakina. Iyakar abin da zan rubuta a kan wannan ke nan.

Da uwarta tana raye da ta san abin faɗa. Ni girki kawai na iya.

Talata, bayan na taso daga aiki

Ita ma Shuni ta ƙi cin abinci. Gidan kuku guda ya zama gidan masu yajin ci.

Shuni gizo-gizo ce, irin manyan nan masu gashi da muke kira tautau, amma ba tautau ɗin bayan randa ba. A takardar da aka sayo ta da ita an rubuta tarantula, daga wata ƙasa mai nisa. Faɗinta ya kai tafin hannuna. Ƙafafunta shuɗi ne mai sheƙi, in haske ya taɓa su sai ka rantse fenti aka shafa mata. Mamana malamar kimiyya ce, tun tana ƙarama take kwaso mini ƙwari a aljihun rigar makaranta. Da ta fara aiki, sa'o'inta suna tarin sarƙa da 'yan kunne, ita tana tarin gizo-gizo. Ranar da ta gaya mini abin da ta biya sai da na nemi kujera. Na ce, "Mamana, wannan ai kuɗin babur ne." Ta ce, "Babur ƙafa biyu gare shi, Baba. Wannan takwas."

Da cikin ya fara nauyi, dangin mijinta suka ce ba za a haɗa jariri da wannan abu a gida ɗaya ba. Ba su yi laifi ba, ni ma da haka zan ce. Ta kawo mini akwatin gilashin da kanta, ta ajiye a kusurwar falo inda rana ba ta kaiwa, ta tsaya tana yi mini darasi kamar ɗan aji ɗaya. Gyare ɗaya a mako. Ruwa a ɗan murfin kwalba. Ƙasar ta kasance da danshi, kada ta yi jagab. Shuni rami take haƙawa ta zauna a ciki, ramin kuma ya bi jikin gilashi, shi ya sa aka manna baƙin kwali a wurin. "Kada ka ɗaga kwalin, Baba, ba ta son haske. In kuma ba ta ci gyaren ba, washegari ka cire shi." Na ce to. A raina na ce, ina aka taɓa ɗauke abinci daga gaban mai yunwa?

Ban taɓa buƙatar cirewa ba, don Shuni ba ta wasa da cikinta. Sai yanzu. Gyaren da na saka tun shekaranjiya yana nan yana yawonsa kamar mai gida. Na kama shi na fitar.

Laraba, da yamma

Surukina ya zo. Kullum yana zuwa in ya rufe shago, gyaran firji yake yi, hannunsa duk baƙin mai. Yakan durƙusa ya gaishe ni, ya ce, "Baba, kun wuni lafiya? Ya mai jiki?" In ce da sauƙi. Mu biyun mun san ƙarya nake yi. Daga nan ya je bakin ƙofarta ya yi sallama, ya tsaya, ya dawo ya zauna a kujerar da ke kallon ƙofar har magariba. Shi ma ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Shi dai in na zuba masa yana ci, don kunyata.

Yau ya ga falon ya yi zafi. Ya fita ya dawo da 'yar fanka mai batir, ya daidaita ta kusa da akwatin Shuni. Ya ce, "Ta taɓa gaya mini zafi yana kashe su." Shi ne fa mutumin da ko kallon akwatin ba ya iya yi a da.

Alhamis, da asuba

Shayi rabin kofi. Burodin yana nan.

Juma'a, da rana, a kicin ɗin aiki

Na lura na canza hanya. Da, in zan je ofis ta barandar ɗakin haihuwa nake bi, ita ce gajeriya. Yanzu sai in zagaya ta bayan wurin wanki. Ba wanda ya ce mini komai. Matar da ke wanke tukwane ce kawai ta dube ni ta ce, "Kuku, gishirinka ya yi yawa yau." Na ɗanɗana, gaskiyarta.

Asabar, da hantsi

Na je shagon mai tsuntsaye sayen gyare. Sun ƙara kuɗi, wai daga nesa ake kawo su, tunda na daji ba a ba Shuni, kada su zo da maganin ƙwari a cikinsu. Ƙasar ɓawon kwakwa da ake zuba mata ita ma ta tashi. Ni da nake ciyar da marasa lafiya ɗaki-ɗaki, yau ƙwaro ne yake neman ya fi ƙarfin aljihuna. Na daina hawa mota zuwa aiki, ina takawa, na ce wa kaina motsa jiki ne.

Na gaya wa mai shagon Shuni ta daina ci, har ta saƙa yana mai kauri ta toshe bakin raminta. Ya ce shi aku da kifi ya sani, amma yunwa za ta fito da ita. Sai ya sassauta murya ya ce akwai wani mai tara irin waɗannan abubuwa, ya daɗe yana neman shuɗiyar, zai biya fiye da yadda aka saye ta. Na ce ba tawa ba ce.

Lahadi, da la'asar

Yaya ta zo. Ita ta raine ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, shi ya sa har yau in ta shigo gidana sai in ji na koma ɗan shekara bakwai. Ta shiga wurin Mamana ta daɗe, ta fito idonta jajir. Da ba ta sami inda za ta sauke abin da ke cinta ba, sai ta sauke a kan Shuni.

"Kai Kuku, har yanzu wannan mummunar abar tana gidan nan? Mutum da furfurarsa yana renon tautau! Ka fitar da ita, ni ban yarda da ita ba. Tun da aka sayo ta..."

Na ce, "Yaya, don Allah." Ta san in ta ƙarasa maganar ba za ta ji daɗin kanta ba.

Da za ta tafi ta leƙa akwatin ta ce, "Ina ma take? Ƙasa kawai nake gani." Na ce ta rufe ƙofa, ba ta fitowa, ba ta ci. Yaya ta dube ni, ta dubi ƙofar Mamana, ta gyara mayafinta ta ce, "Allah ya ba ka haƙuri, ƙanena." Rabon da ta kira ni ƙanena har na manta.

Litinin, da yamma

Na yanke shawarar kiwon gyare da kaina. Na samo babban bokiti mai murfi, na huda murfin, na jera kwalayen ƙwai da muke zubarwa a wurin aiki, na zuba musu ganyen kabeji da ɓawon karas. Su dai ba su raina girkina ba. Kafin in juya sun hau kai.

Laraba, da asuba

Gyaren sun kwana suna kuka a bayan kicin. Na yi niyyar fitar da bokitin waje, sai na tuna gidan ya daɗe bai ji ƙarar komai ba. Na bar su.

Alhamis, da magariba

Yau ta yi mini magana. Na kai romon kaza na ƙwanƙwasa, na ce, "Mamana, ko cokali uku." Don dai in ja ta da hira sai na ce wani ya taya Shuni, na kore shi. Daga bayan ƙofa ta ce, "Ka sayar masa, Baba."

Na ce, "Shuni fa na ce."

"Na ji. Ka sayar, ko ka bayar. Ba na son ganinta."

Muryar ta shaƙe kamar ta wanda ya daɗe bai yi amfani da ita ba. Na tsaya da kwano a hannu har ya huce. Wannan yarinyar da take kirana a waya daga makaranta don kawai ta ji ko Shuni ta fito shan ruwa. Na ji tsoro yau, tsoro na gaske, irin wanda ban ji ba ko a ranar asibiti.

Ba zan sayar ba. Zan ce mata mutumin ya yi tafiya.

Asabar

Ba komai. Faranti biyu, babu wanda aka taɓa.

Lahadi, da rana

Na shiga kicin tun safe na yi duk abin da na san tana so. Kifi gasasshe, dankali, miyar ganye, har da kek ɗin lemo da nake yi mata ranar da ta ci jarrabawa. Na jera a babban tire. Ina jerawa ina tuna yadda ita da uwarta suke yi mini tsiya. Uwarta ba ta taɓa dafa shinkafa ba ta kama ba, su biyun sai su zauna a ƙasa da cokula suna kankarar ƙanzo a gindin tukunya, suna cewa girkin Baba ba shi da daɗi tunda ba ya ƙonewa. Ni kuwa abin alfaharina ke nan, tukunyata ba ta taɓa kamawa ba.

Na ƙwanƙwasa ba ta amsa ba. Sai na yi abin da ban taɓa yi ba, na murɗa ƙofar na shiga. Tana zaune a ƙasa ta jingina da gado, labule a sauke. Na ga wuyan hannunta, na kawar da kai. Na ajiye tiren a gabanta na ce ba zan fita ba sai ta ci. Ta ɗauki cokali don in rabu da ita, ta kai baki sau biyu, ta tashi da gudu ta shiga banɗaki. Ina jin ta tana amai.

Da ta fito ta ce, "Baba, don girman Allah." Iyakar abin da ta ce ke nan. Na kwashe tiren. Ina fita na ji ta murza makulli, abin da ba ta yi a da.

Litinin, da asuba

Makullin yana nan a murze.

Laraba, da yamma

Surukina ya tambaye ni ko ya daina zuwa, ko ganin takalminsa a bakin ƙofa yana ƙara mata ciwo. Na ce, "Ɗana, ka ci gaba da zuwa." Ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, jaririn nan ni ma fa nawa ne." Na zuba masa abinci.

Alhamis, kafin in fita aiki

Shuni ta shiga mako na huɗu ba ta ci ba. Na tsuguna gaban akwatin ina kallon yanar da ta toshe ramin da ita, fara fat, ko alamar motsi babu. Na ce a gidan nan dole wani ya ci abinci. Ɗayar ta sa makulli, wannan kuwa yana ce kawai.

Na zaɓo gyare mafi ƙiba a bokitin. Na ɗauko ƙaramin cokali, na huda yanar da bayansa, na tura gyaren cikin ramin, na ja ƙasa na rufe don kada ya fito. Na ce, "Ga shi nan har ɗaki, Hajiya, sai ki ga dama." Na tafi aiki raina wasai, kamar na yi abin kirki.

Juma'a, bayan magariba



Na dawo daga aiki na tarar da surukina a kujerarsa. Na je in ga ko Shuni ta ci. Ba yadda zan sani sai na ɗaga baƙin kwalin, sai na ɗaga gefensa kaɗan na haska tocila. Tana kwance a rigingine, ƙafafu a sama, ba ta motsi. Jikinta ya yi wani iri, kamar an ninka ta biyu. Gyaren nan nawa yana kan ƙafarta ɗaya yana ci.

Ban san lokacin da na isa ƙofar Mamana ba. Na ce, "Mamana, Shuni ta mutu." Kalmar da muka yi makonni muna kewaye ta a gidan nan, sai ga ta ta fito daga bakina a kan gizo-gizo. Na ce, "Tana kwance a rigingine. Gyaren yana kanta. Ni na jawo."

Makulli ya juya. Ta leƙo ta ce, "A rigingine? Wane gyare?"

"Wanda na tura mata cikin ramin."

"Ka tura... Innalillahi! Baba, saɓa take yi!"

Ta wuce ni tana dafa bango, ta zube a gaban akwatin. Ta ce in miƙo mata dogon hantsakin da ke cikin aljihun tebur, da cokali, da ɗan yankin karas. Ta ɗaga kai ta ga mijinta a tsaye ya rasa inda zai sa kansa. Ta ce, "Riƙe mini fitilar. Kada ka haska ta kai tsaye, ta gefe." Maganar farko ke nan da ta yi masa tun ranar. Ya durƙusa kusa da ita ya riƙe tocilar da hannu biyu.

Ta fara ɗebe ƙasar saman ramin cokali-cokali, a hankali, don kada ya rufta. Tana yi tana magana ƙasa-ƙasa, ban sani ba ko da ni take ko da Shuni. Ta ce in za su yi saɓa sai su daina ci, su rufe ƙofa, su kwanta a bayansu su zare jiki daga tsohuwar fata. Sabon jikin laushi gare shi kamar dafaffen ƙwai, ko haƙoransu ba sa aiki. A wannan lokacin gyaren da take cinyewa a lomar farko shi zai iya cinye ta da ranta. Wanda ya mutu ƙafafunsa yake naɗewa a ƙarƙashinsa, ba ya kwanciya a rigingine.

Da ta buɗe 'yar kafa sai ta zura karas ɗin a bakin hantsaki ta riƙe. Hannun nan da na ga ya zama kamar sillen kara, ko girgiza bai yi ba. Mun daɗe a haka, mu uku, ba mai numfashin kirki. Can gyaren ya saki ƙafar ya nufo karas. Ta saki karas ɗin ta cafke shi ta baya, ta fito da shi yana harbe-harbe. Ta miƙa mini ta ce, "Ga baƙonka."

Surukina ya yi dariya, dariyar ta juye ta zama kuka, tocilar tana rawa a hannunsa. Ba ta dube shi ba, amma ta ɗora hannunta a kan nasa ta daidaita hasken.

Asabar, da hantsi

Shuni ta gama fita daga tsohuwar fatar, ta juya ta kife. Tana da rai. Ƙafar da gyaren ya ci ta yar da ita, saura bakwai. Shuɗin sabon jikin ya fi na da, har ba ka son ɗauke ido.

Mamana ta rufe kafar da ta buɗe da ɗan ganye, ta mayar da baƙin kwalin, ta cika murfin ruwa. Na tsaya a bayanta na ce ta yafe mini. Ta ce, "Ai na gaya maka ka riƙa cirewa." Na ce ta gaya mini, kunnen kuku ne bai ji ba.

Na tambaye ta ƙafar fa. Ta ce za ta sake fitowa a saɓa ta gaba, baɗi war haka, amma 'yar siririya, ba za ta zama kamar ta da ba. Ta zuba wa gilashin ido. Sai ta ce, "Na kore ta daga gidana don in yi wa wani wuri, Baba. Ga wurin can, an yi fenti, an sa labule, babu kowa a ciki. Da wane ido zan kalle ta?"

Na zauna a ƙasa kusa da ita. Ta kwantar da kanta a kafaɗata ta yi kukan da ban ji ta yi ba tun ranar. Ni ma na yi nawa. Ban ce mata ta yi haƙuri ba, mutane sun gaya mata ya isa.

Da ta lafa sai na ce yaushe za a ba Shuni abinci, ai ta galabaita. Ta share ido ta ce, "Ka ga halinka ko? Ba yanzu ba. Haƙoranta farare ne, sai sun yi baƙi sun yi ƙwari. In ta rufe ƙofa ba a kai mata abinci, Baba. Ruwa ake ajiyewa a fita. In ta shirya da kanta za ta zo bakin rami."

Akwatin take kallo tana faɗa. Na ce na ji.

Lahadi, da asuba

Kofin ruwa na ajiye a bakin ƙofarta. Ban ƙwanƙwasa ba. Wallahi ya fi mini wuya a kan girkin mutum ɗari.

Talata, da yamma

Ruwa kawai. Takan fito ta duba Shuni ta koma, ba ta sa makulli. Na lura burodin da ke kan tebur yana raguwa in ina wurin aiki. Ban tambaya ba, na dai sayo wani na ajiye a wurin.

Mai tsuntsaye ya kira, wai mutuminsa yana jira. Mamana ta ji ni ta ce, "Ka ce masa ƙafarta bakwai, ba mai sayen ta yanzu." Na ce to ta zama tamu dole ke nan. Ta ce, "Dole."

Alhamis, da la'asar

Yaya ta zo ta tarar da Mamana a falo, tana tsefe kai, mijinta a gefe yana gyara 'yar fankar da ba abin da ya same ta. Yaya ta tsaya a bakin ƙofa ta kasa shigowa. Can ta je gaban akwatin ta ce, "Ina mummunar? A gaishe ta."

Asabar

Ƙofar tana rufe tun safe. Yau ba rana mai kyau ba ce. Na ajiye ruwa.

Lahadi, da rana

Na ɗora 'yar shinkafa don ni da surukina, ba wani abin kirki ba, fara ce da mai. Ina tsaye ina jiran ruwan ya tsotse sai na ji mutum a bayana. Mamana ce a bakin ƙofar kicin, ta yafa tsohon zanen uwarta.

Ta ce Shuni ta zo bakin rami da safe, ta ga haƙoran sun yi baƙi. Gobe za a gwada ta da ƙaramin gyare. Na ce madalla, ban juyo ba, don kada ta ga fuskata ta koma.

Sai ta ce, "Baba, tukunyar nan za ta yi ƙanzo?"

Shinkafar ta riga ta nuna, daidai lokacin saukewa. Na haura shekara ashirin ban ƙona tukunya ba. Na ce, "Za ta yi," na ƙara wuta.

Da ƙaurin ya tashi na sauke, na kwashe ta sama, na ajiye mata tukunyar a ƙasa da cokali a ciki. Na juya wurin wanke-wanke na buɗe famfo a kan kwanukan da na riga na wanke. Ina jin cokali yana kankarar gindin tukunya, a hankali, ya tsaya, ya ci gaba. Can ta ɗaga murya ta kira mijinta daga falo, ta ce ya taho da nasa cokalin.

Ban juya ba sai da suka gama.